Mai Kaya da Fatoma: Waiwaye a Kan Masu Sana'ar Hannu da Kasuwar Bajekoli

A ƙarshen damanar da ta wuce wani tsohon ɗalibina ya yi mini sallama a gida, nan GRA cikin Katsina, da ƙullin buhu a bayan babur. Yaron tun yana aji uku na lura hannunsa yana da kyau, har ya zama shi nake sa wa ya zana mini taswira a allo in za mu yi darasin tarihi. Da ya gama makaranta sai ya kama dukanci wurin wani kawunsa, ya haɗa da zayyana a kan fata, irin wadda ake ratayewa a bango. Abin da ya kawo shi kuwa, wai in taimaka in sayi ko da guda biyu ne don ya rage bashi. Ashe sanarwa ya ji a rediyo za a yi bajekolin kayan fasaha a wani babban birni, ya ranci kuɗi ya kama rumfa shi kaɗai, ya biya mota, ya biya masauki na kwana goma. Mutane sun yi ta tsayawa suna yabawa suna ɗaukar hoto da wayoyinsu, amma ciniki sai jefi-jefi. Ranar tashi, da ya ga ba shi da abin da zai biya a ɗauko masa manyan kayan zuwa gida, sai waɗansu 'yan kasuwa da suka saba dakon irin wannan rana suka zo suka kwashe su a kan abin da bai kai kuɗin fatar ba. Ƙananan ne ya dawo da su cikin buhu.

Na sayi biyun, amma abin ya tsaya mini a rai. Kakannin yaron nan kayansu na zuwa Gwanja da Tambutu da Tarabulus, babu mota babu rediyo, kuma sana'ar ta riƙe su ɗaruruwan shekaru. To, me suke da shi wanda shi ya rasa? Na ga ya dace in kawo wannan tambaya gaban 'yan'uwa marubuta, domin da yawanmu mun taɓa ɗaukar littattafanmu a jaka zuwa wani taro, muka dawo da su ba su ragu ba sai wanda muka bayar kyauta.

Mu fara da girman abin. A farkon shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ratso ta Katsina ya isa Kano. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, daga ciki har da kayan raƙumi wajen 300 da ake kaiwa Tambutu kaɗai. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa tana ƙetare Sahara, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, shi ya sa can suka san ta da sunan fatar Maroko. Duk wannan kaya da hannu aka yi shi, a zauruka da marina da majema. Har gobe sunayen unguwanninmu na ba da shaida, kamar Marnar Kadabo da Marnar Gangare a nan Katsina, ko karofin Ƙofar Mata a Kano.

Abin lura shi ne, mai yin kayan ba kasafai yake zama mai sayar da su ba, in kuma ya fita sayarwa ba ya fita shi ɗaya. Masaƙi yana ƙauyensu, marini yana Kura ko Dal, mabugi yana gefensa. In kaya ya kammala sai ya shiga hannun dillali a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), inda kowace sana'a take da layinta. Dillali shi ya san abin da aka sayar da irin wannan riga jiya, ya san baƙon da ya sauka da kuɗi, ya san mai taya gaskiya da mai taya wasa. Shi ke cewa albarka, shi ke sallamawa, ya ɗauki la'adarsa. Mai kaya yana gefe bai buɗe baki ba, kuma wannan shirun kansa kariya ce, domin wanda ya kwana arba'in yana ɗinkin aska takwas ba zai iya ciniki da sanyin rai ba. Ko dai son aikinsa ya sa ya tsauwala har mai saye ya gudu, ko kuwa kunya da matsi su sa ya sallama da asara.

A saman dillali akwai fatoma, wanda a waɗansu wurare ake ce masa maigida. A ganina shi ne ginshiƙin tsarin duka. Baƙon da ya zo da kaya gidansa yake sauka, a ba shi ɗaki da abinci, a ajiye masa kaya a wuri amintacce, a haɗa shi da dillali, in harshe ya bambanta a yi masa tafinta. In an sayar bashi, fatoma ne ke tsayawa lamuni, mai saye ya gudu shi zai biya. Polly Hill, Baturiyar nan da ta zauna nan kusa da mu a Batagarawa ta rubuta littafi a kan garin a 1972, ta yi nazarin fatomomin Kumasi tun a 1966. Shi ma Abner Cohen ya zauna unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda ake sayar wa mahautan Yarabawa shanun Arewa bashi, babu takarda babu sa hannu, sai amanar maigida kurum. Shanu da goro suka fi nazarta, amma tsarin ɗaya ne da na mai turkuɗi da mai takalmi.

Mai karatu ya tsaya ya dubi amfanin ɗakin ajiyar nan da kyau. Wanda yake da inda zai bar kayansa, babu mai tilasta masa sayarwa. In kasuwa ta ƙi yau sai ya jira mako, in ayari zai tashi sai ya bar sauran a hannun fatoma, baɗi ya zo ya karɓi kuɗinsa. Ranar tashi ba ta zame masa ranar yanka ba. Ita kanta hanya akwai madugu, wanda ya san zango da rijiya da sarkin da ake biya kuɗin fito, ga kuma taron ayari da ke raba wahala da tsaro. A gida kuma akwai sarakunan sana'a, su Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa, masu sasanta rigima da tara haraji irin kuɗin karofi, masu magana da fada da sunan 'yan sana'arsu.

Kada in yi wa tsarin ado fiye da kima. Dillalai ba waliyyai ba ne, akwai mai sayarwa goma ya ce takwas aka saya, kuma sarakunan sana'a sau da yawa fada suke yi wa aiki fiye da talakan maƙeri. Sa'an nan a cikin masu noman auduga da saƙa na ƙarni na 19 akwai bayi da yawa, waɗanda ba su da ta cewa a kan guminsu. Daɗin daɗawa sunan mai aiki yana ɓacewa a hanya. Buzun da ya naɗa rawanin turkuɗi a Agadas ya san na Kura ne, amma bai san hannun da ya rina ba. Wannan batu na suna zan komo kansa.

Bajekoli irin wanda muka sani yau, wato a keɓe fili, a yanka rumfuna, a sa ranar buɗewa da ranar rufewa, Turawa ne suka zo da shi. Babban karon da masu sana'armu suka fara yi da shi shi ne bajekolin Daular Ingila da aka yi a Wembley, gefen Landan, wanda Sarki Joji na Biyar ya buɗe ranar 23 ga Afrilu 1924, aka sake maimaitawa a 1925. Mutanen da suka shiga kallo a shekarun biyu sun kai wajen miliyan 27. An gina wa ƙasashen Afirka ta Yamma wani birni mai ganuwa da ƙofofi, kwaikwayon irin ginin birane namu na Arewa, aka kwaso masaƙa da dukawa da maƙera da masu sassaƙa daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo, aka zaunar da su ciki suna aiki jama'a na kallo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yana cikin manyan da suka je Ingila a wannan shekara ta 1924 suka ga wurin.

Amma fa masu sana'ar nan ba a matsayin fatake suka je ba. Gwamnati ta kai su, ita ta tsara inda za su kwana da wanda zai gan su, kuma manufar taron ita ce a nuna wa mutanen Ingila arzikin ƙasashen da suke mulka. Waɗansu jaridun Landan suka riƙa rubuta abubuwan raini a kan mutanen da ke cikin birnin, har ɗaliban Afirka da ke karatu can suka fusata suka rubuta ƙorafi. Cikinsu akwai Ladipo Solanke, wanda a watan Agusta 1925 ya jagoranci kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU. A Wembley aka fara zuwa kallon masaƙi fiye da sayen saƙarsa. Da yaron nan ya ce mini mutane na ta ɗaukar hotonsa ba sa saye, wannan wuri na tuna.

A nan gida kuwa 'yan kasuwarmu ba su jira an shirya musu fili ba. Wani dattijo da ya daɗe yana aikin gadi a unguwar nan tamu ya sha ba ni labarin 'yan koli na zamanin Turawa, masu zuwa bariki da yamma a kan keke, da tumtum da alabe da takobi da ƙwarya mai zane. Sukan shimfiɗa kaya a barandar Bature, a yi ta ciniki da rabin Hausa rabin Turanci. Ya ce babu ɗan kolin da ke faɗa wa gida kai tsaye, sai ya bi ta kan kuku ko boyi, wanda zai gaya masa ranar da aka yi albashi, da wanda ya kusa tafiya hutu yana neman tsaraba, da uwargidan da ba ta son a dame ta. In an yi ciniki kuku yana da nasa. Kun ga dillali ya sake fitowa, wannan karon sanye da farar rigar kicin.

Wadda ta fi kowa cin moriyar sabon tsarin a wancan zamani ita ce Ladi Kwali, maginiyar tukwane daga ƙasar Gwari. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya tara tukwanenta a fadarsa, a can Bature Michael Cardew ya gan su. Cardew ya kafa makarantar ginin tukwane a Abuja ta dā, wato Suleja ta yanzu, ita kuwa ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. An baje tukwanenta a wani gidan nuna kayan fasaha na Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zaga Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20. Gwaninta tata ce, babu mai ja. Sai dai akwai maginan tukwane masu kyan hannu a Kwali da sauran ƙauyuka da babu wanda ya ji sunansu. Ita ta sami sarki da ya fara saye, ta sami wanda ya san kasuwar Landan, ya san mai gidan nuni, ya san yadda ake naɗe tukunya ta hau jirgi ba ta fashe ba. Cardew fatoma ya zame mata, da bambanci guda: sunanta ya bi kayanta har inda suka je, domin tana sa alamarta a gindin tukunya.

Bayan samun mulkin kai tarurruka sun yawaita. An fara bikin fasaha da al'adu na ƙasa a 1970, aka yi FESTAC a 1977 da hawan dabarsa a Kaduna, aka fara kasuwar bajekolin duniya ta Kaduna a 1979. Wagadugu ta buɗe nata na masu sana'ar hannu, SIAO, a 1988, Yamai ta buɗe na mata, SAFEM, a 2000, Legas kuma ta sami ART X a 2016, inda ake cinikin zane na manyan kuɗi. Iri biyu ne in an duba. Akwai wanda gwamnatin jiha ke kwasar mai sana'a ta kai shi don ya wakilce ta, a ba shi alawus, ya dawo bai koyi komai game da kasuwa ba. Akwai kuma wanda ake auna fili a ba shi haya, in ya sayar ruwansa, in bai sayar ba ruwansa. A duka biyun babu gurbin fatoma.

Waɗanda suka gane haka suka ɗauki tsohon tsarin suka tafi da shi su ne fataken kayan fasaha na Hausawa da ke yawo a duniya. Christopher Steiner ya rubuta littafi a 1994 a kan kasuwar sassaƙe-sassaƙe ta Abijan, inda ya tarar Hausawa na cikin manyan masu riƙe da ita. Suna da ɗakunan ajiya a unguwar Treichville, masu yawon ƙauyuka su kawo kaya su sauke, masu rumfa a tsakiyar gari su ɗauka bashi, in an sayar a biya. An ma yi wani fim a kan ɗaya daga cikinsu, Gabai Baare, mutumin Nijar, da ke kai kaya har Amurka.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne wanda Paul Stoller ya bayar a littafinsa na 2002 a kan 'yan kasuwar Afirka ta Yamma a birnin Niyu Yok, cikinsu da Hausawa da Zabarmawan Nijar. A farkon shekarun 1990 suna baje kaya a bakin titi na 125 a unguwar Harlem. A watan Oktoba 1994 magajin garin, Rudolph Giuliani, ya sa aka tashe su, da yawansu suka koma wata kasuwa a titi na 116 ƙarƙashin kulawar masallacin Malcolm Shabazz. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suke zuwa bukukuwa da bajekolin baƙaƙen fatar Amurka a garuruwa masu nisa. Sukan haɗu su shiga mota guda, su raba kuɗin mai da na masauki, wanda ya fi jin Turanci ya yi magana, wanda ya riga zuwa ƙasar ya ba sabon zuwa kaya bashi ya fara. Wanda bai samu tafiya ba ya ba da kayansa a sayar masa. Ayari ke nan da madugunsa, raƙumi ne kawai ya zama mota.

Sai dai a nan ma akwai abin dubawa. Wannan zumunci ɗan kasuwa ya kare, bai kare mai sassaƙa ba. Steiner ya nuna yadda ake ɓoye sunan wanda ya yi aikin, har a shafa wa sabon gunki ƙasa da hayaƙi don ya yi kama da tsoho, saboda mai saye na Turai tsufa yake biya. To, mai zane na yau ba zai yarda da wannan ba, kuma yana da gaskiya, domin a kasuwar fasaha ta zamani sunan ne jari. Saboda haka abin da yake bukata shi ne fatoman da zai riƙe masa kaya ba tare da ya haɗiye masa suna ba, kuma ban ga inda za a samu irin wannan ba sai a tsakanin masu sana'ar su da kansu. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wani abu mai kama da haka a gidan tarihi na Yamai, wanda aka kafa a 1959 yake ɗauke da sunan Boubou Hama, inda aka ba dukawa da maƙeran fari da masaƙa wurin aiki a cikin harabar, suna yi suna sayarwa ga masu ziyara, baƙo ya ga kaya ya ga mai shi.

Mu marubuta ma mun taɓa yi. Lokacin da kamfanonin ɗab'i suka juya wa matasan marubutan Hausa baya a ƙarshen shekarun 1980, sai suka kafa ƙungiyoyi a Kano irin su Raina Kama da Kukan Kurciya. A Raina Kama akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba. Duk wanda ya riƙe littattafansu na wancan lokaci zai tuna jerin sunayen littattafan sauran 'yan ƙungiya da ake bugawa a ciki, wato kowane littafi dillalin ɗan'uwansa ne, kuma kowa da sunansa a bangon nasa. Da wannan dabara da taimakon masu shagunan littattafai na kasuwa aka kai labaran nan har Yamai da Kumasi. Ban san me ya sa muka bar wannan hali ya yi sanyi ba, yanzu kowa sai ya buga nasa ya yi ta talla shi kaɗai a Facebook.

Da yaron ya dawo karɓar cikon kuɗinsa na zaunar da shi muka yi lissafi a takarda, abin da ya kamata ya yi tun kafin ya tafi. Muka rubuta kuɗin rumfa da mota zuwa da dawowa da masauki da abinci, muka raba da ribar da yake samu a kan kowane aiki. Sai ga shi ko da ya sayar da rabin abin da ya ɗauka ba zai fita ba. Muka sake lissafin a kan mutum huɗu a rumfa ɗaya, biyu su tafi biyu su zauna gida suna aiki, nan take lissafi ya canza. Na tambaye shi ko ya karɓi lambar wayar waɗanda suka yaba ba su saya ba, ya ce bai yi tunanin haka ba. Na tambaye shi ko a duk garin nan babu Bakatsine mai shago da zai iya barin kaya wurinsa, ya yi shiru, can ya ce akwai wani abokin kawunsa mai sayar da takalma, amma kunya ta hana shi nemansa.

Ya ce, "Malam, ai na ɗauka tun da na biya kuɗin rumfa shi ke nan."

Na ce masa rumfa inuwa kawai suka sayar maka.

A watan jiya ya sake biyowa, wannan karon tare da wata yarinya mai saƙar tabarma da faifai da wasu samari biyu, ɗaya mai zanen fenti ɗaya mai sassaƙar ƙwarya, biyu daga cikinsu sun koyi aiki a ƙauyen koyon sana'a na matasa da aka kafa nan Katsina zamanin Gwamna Ibrahim Shema. Sun fara adashi duk Juma'a don tara kuɗin rumfar baɗi. Kawun ya buga wa mai takalman waya, ya amsa zai ba su lungu a bayan shagonsa, da sharaɗin a rubuta komai a littafi, a kuma ba shi ɗaya cikin goma na abin da ya sayar bayan sun tafi. Sun yarda kowa zai yi cinikin kayan ɗan'uwansa, ba nasa ba, kuma kowane aiki da sunan mai shi a baya. Inda suka saɓa shi ne wa zai riƙe kuɗin adashin, shi ya sa suka zo. Littafin yana cikin durowata yanzu, an yi zubi huɗu, mai ƙwarya bai kawo na makon jiya ba.